Azarar Magini Jatau

"A'a, ranka ya daɗe, ni ban ga rashin sani a nan ba," in ji Yaya Tabawa, a hankali kamar yadda ta saba.

Ƙanenta, Dagaci Mamuda, ya gyara zama. Shawara ya zo nema, ko ya sallami Injiniya Safiyanu da aka ɗauko ya gina wa garin gada. Mutumin ya gama lissafin ƙarfe da siminti, amma ya ƙi fara aiki sai wani injiniya ya duba masa. Ga damina ta ƙarato.

"Yaya, wanda ya san aikinsa zai kai wa wani ya duba? Bara rafin nan mutum biyu ya ci mana."

"Shi ya sa. Ba ka ji labarin Magini Jatau ba?"

"Ban ji ba. Ba ni in sha."

Ta ce, "An yi wani magini, Jatau, dogo ne ƙwarai, ba a taɓa kushe gininsa ba. Ya tashi yi wa mahaifiyarsa soro. Ya auna da hannunsa, ya aika wa wani tsoho mai yankan azara cewa kamu bakwai yake so. Tsohon ya tako har gida, ya ce, 'Kamun wa, ɗana? Naka ko nawa? Kawo igiya mu auna tare.' Jatau ya ce, 'Baba, yau ni za a koya wa awo?' Tsohon ya ce, 'Zauna ka ji abin da ya sami gara.

"'Al'adar gara, in ɗaya ta ɗora laka, sai wata ta biyo ta taɓa. Ran nan wata gwana a cikinsu ta ce ita kada a ƙara taɓa mata aiki, ta girmi wannan. Aka ƙyale ta. Ta wurinta ruwa ya shiga shurin, ya cinye ƙwansu kaf. Sarauniyarsu ta ce, ido yana ganin kowa, ban da kansa.'

"Jatau ya yi dariya, ya koma wurin wani mai yanka, gajere, wanda bai tambaye shi komai ba, ya auna kamu bakwai da nasa hannun. Aka kawo azara, da ƙyar ta hau bakin bango. Jatau ya gani, ya ce laka za ta riƙe. Ruwan farko ya jiƙa bangon, soron ya rufto, tsohuwar tana ciki tana kaɗi."

Ta ƙara da cewa:

"Bai ƙara ɗaukar laka ba har ya koma ga Allah. Abin da yake faɗa kullum shi ne, da ma igiya ce ta kunyata shi."

Dagaci ya daɗe yana kallon ƙasa. Jikokinsa ne suka faɗo masa a rai, da yadda za su riƙa bi ta kan gadar nan zuwa makaranta.

"In ruwa ya riga mu fa?"

"Sai a bi ta zagaye bana, Mamuda. Wanda ya zagaya ai yana dawowa gida."

Ya nisa. "Na ji, Yaya. A gaya wa Injiniya ya aika, ko mutum uku ne su duba. Ba inda za shi."

"Allah ya yi maka albarka." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Yi mini uzuri, ranka ya daɗe, ga mata can sun yi sallama tun ɗazu, ko ruwa ban ba su ba."