Rabin Maganar da Uwaisu Ya Ji

A wani ƙauye da ke gabas da Minjibir, inda gona take manne da gona har ba ka gane iyaka sai da layin gamba, an yi wani manomi da ake kira Uwaisu. Ba malalaci ba ne, kuma ba marowaci ba ne. Gyaɗarsa da geronsa suna cikin waɗanda ake nunawa da yatsa duk kaka. Aibinsa ɗaya ne, amma ya isa ya rusa gida: ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana. Da ka buɗe baki zai cafke kalmar farko, ya ƙarasa sauran a ransa, ya hau faɗa a kan abin da ba ka faɗa ba.

Matarsa Tahira 'yar Malam Muhammad Auwal ce, mai makarantar allo da karatun littattafai a ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Uwaisu bai yi nisa a karatu ba, kuma wannan abu yana ci masa rai. Ba wanda ya taɓa goranta masa a gidan Malam, amma shi kullum kunnensa a miƙe yake, yana jiran ranar da za a yi.

Sau biyu yana sakin Tahira. Na farko, ta je duba mahaifiyarta ta dawo bayan magariba, bai tsaya ya ji cewa ruwan sama ne ya tare ta ba. Na biyu, akuya ta ɓarnata masa irin gyaɗa, kuma daga baya ta bayyana shi ne ya bar rumbun a buɗe. Duk biyun sai da ya ɗauki dattawa suka je biko. A na biyun Malam ya dube shi ya ce, "Uwaisu, igiya ɗaya ta rage maka. Ka riƙe harshenka." Ya rantse ya kuma rantsewa.

Ga shi kuma shekaru sun ja ba haihuwa. Sa'anninsa duk ana kiran su baban wane, shi kuwa har yanzu Uwaisu ne. Sun sha rubutu, sun je asibiti a birni, aka ce lafiyarsu lau, lokaci ne bai yi ba. Babu abin da yake so a duniya kamar a ce masa matarsa tana da ciki.

Da kaka ta kama a wannan shekarar, sai Tahira ta fara wani irin ciwo. Jiri da safe, kasala da rana, warin daddawa kuwa ko daga gidan maƙwabta ya taso sai ta toshe hanci. Uwaisu ya ce son jiki ne. Yayarsa Aina'u, wadda take aure a bayan gidansu, ita ce ta zauna ta ƙare mata kallo.

"Ke, zo nan," in ji Aina'u. "Yaushe rabonki da fashin salla?"

Tahira ta sunkuyar da kai. "Wata biyu ke nan, Yaya. Amma ya taɓa yi mini haka, daga baya ya zo. Ba na so in sa rai."

"Ba ke za ki sa ran ba, ni zan sa miki."

Ranar kasuwar Minjibir Aina'u ta sayo tsinken gwajin ciki a kemis, ta ɓoye shi a ƙullin gyalenta. Washegari ita ce ranar da Uwaisu ya kira gayyar cirar gyaɗa. Ya fita tun da sassafe, ya bar umarni a yi tuwon dawa da miyar kuka, ya kasance a shirye kafin azahar. Yana fita Aina'u ta shigo. Tahira ta shiga bayan gida, ta fito ta miƙa mata tsinken. Layi biyu ne, ja wur.

Aina'u ta rangaɗa guɗa, sannan ta toshe bakinta da kanta. Tahira ta zauna a kan turmi tana kuka tana hamdala.

"Ni ba zan faɗa masa ba," in ji Aina'u. "Daga bakinki zai ji. Shekara nawa yana jira?"

"Yaya, da wane bakin? Kunya ba za ta bar ni ba."

"Ki zagaya mana. Ba jariri ba ne, zai gane."

Aina'u ta tafi barka a wani gida, da alkawarin za ta dawo ta taya ta tuƙi. Hira ta riƙe ta. Tahira ta hura wuta ita kaɗai, ta yi talge, ta ɗora ruwan miya. Tana jefa daddawa sai cikinta ya juya. Ta yi amai har ba sauran abin fitarwa. Ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a inuwar rumbu jirin ya wuce. Ba ta san sanda barci ya sace ta ba.

A gona kuwa rana ta take. Azahar ta yi, aka yi salla a gindin gawo, ba abinci ba labarinsa. Mutane suka fara kallon hanya. Abokinsa Ɗanliti, wanda bakinsa ba ya shiru, ya jingina da fartanyarsa ya ce, "Uwaisu, ashe gayyar azumi ka kira mu? Ai da ka faɗa mana tun jiya da mun yi sahur."

Aka kwashe da dariya.

"Ku ƙyale shi," in ji wani. "Wanda ya auri 'yar malamai ai sai ibada. Wataƙila tana can tana ja mana carbi gyaɗar ta cire kanta."

"A'a," in ji Ɗanliti, "ramuwa take yi masa. Asubar da yake makara ita take biya."

Wasa ne irin na gona, wanda ake yi a manta. Amma ya taɓa Uwaisu a inda yake masa ciwo. Ya jefar da fartanya, ya hau babur, ya nufi gida a fusace.

Ƙauri ne ya tare shi tun daga zaure. Talgen ya kama, miya ta ƙone ƙurmus, kaji suna tsattsagar garin da ke cikin ƙwarya. Ga Tahira kwance a tabarma.

"Ke!" Ya daka mata tsawa. "Barci kike yi? Na tara maza a gona tun safe, ke kina nan kina barci?"

Ta tashi a firgice. Ta ga tukwanen, ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. Maigida, ka yi haƙuri, ba da gangan ba ne. Akwai dalili."

"Dalilin banza! Kin mai da ni abin dariya a gaban mutane. Ƙatti suna can da yunwa, ana yi mini waƙa!"

"Don Allah ka zauna. Magana ce mai daɗi, tun safe nake jiran ka."

"Ba zan zauna ba. Faɗi!"

Ta gyara ɗankwalinta. Duk da tsawar, sai da ɗan murmushi ya suɓuce mata, domin ta tabbata yana jin maganar fushin zai narke. Ta dubi ƙasa ta ce a hankali, "Maigida, wata biyu ke nan cur ban yi fashin salla ba, ko ta..."

"Salla!" Ya katse ta. "Ina miki maganar abinci kina mini maganar salla? Har da murmushi? To ni ne mai fashin sallar ke nan! Ashe abin da ake faɗa a gona daga bakinki ya fita!"

"Ba haka nake nufi ba. Ka bari in..."

"Na san abin da kike nufi! Tun ranar da na auro ki kuke mini kallon jahili, ke da ubanki. Yau dai kin furta."

"Maigida, ka ji tsoron Allah ka saurare ni!"

"Ga shi kuma, wa'azi! To je ki gidanku ku yi ta sallar. Na sake ki!"

Tahira ta tsaya tana kallonsa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunansa ba, amma ranar ta kama.

"Uwaisu," ta ce cikin ɓacin rai, "ciki gare ni. Abin da nake ƙoƙarin faɗa maka ke nan. Mace ta ce maka wata biyu ba ta yi fashin salla ba, ko yaron da aka yi wa aure jiya ya san ma'anarsa. Cikinka ne ya kwantar da ni. Cikinka ne ya ƙona maka miya."

Ya dafe kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Shekara da shekaru ina shan magani mai ɗaci saboda wannan rana. Na sha habaici a gidan biki, na haɗiye. Yau Allah ya kawo ta, ka kasa ba ni numfashi ɗaya in ƙarasa magana. Numfashi ɗaya!"

"Tahira, tsaya. Ban sani ba. Na janye, na mai da ke."

"Da wace igiyar?"

Ta shiga ɗaki, ta ɗauki hijabinta, ta fito. A zaure ta yi kiciɓis da Aina'u, wadda ta shigo da fara'a tana cewa, "An yi wa angon ƙarni albishir?" Tahira ta raɓa ta ta wuce. Aina'u ta dubi ƙanenta, ta dubi tukwanen, ta gane.

"Me ka yi? Uwaisu, me bakin nan naka ya yi?"

Da ya faɗa mata, sai ta tafa hannu ta yi kansa. "Kai dai an yi asararre! Yarinyar nan ta zauna da kai zaman da ko ni da muka sha nono ɗaya ba zan iya ba. Saboda tuwo? Tuwon da ni ce ma na ce zan zo in tuƙa na makara? Ai sai ka sake ni ni ma! Kunnuwan nan biyu ado aka yi maka da su?"

Da la'asar sakaliya ya ɗauki kawunsa suka tafi gidan Malam. Malam ya karɓe su a zaure, bai ɗaga murya ba, amma fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam, cikin fushi na faɗa," in ji Uwaisu.

"Ka san wadda take gabanka sanda kake faɗa?"

"Na sani."

"Ka san abin da kalmar take nufi?"

"Na sani. Amma Malam, na ji ana cewa saki ba ya hawa kan mai ciki."

"Wanda ya faɗa maka bai sani ba. Yana hawa. Iddarta haihuwarta. Daga nan ba ta halatta gare ka sai ta auri wani aure na gaskiya, ya rabu da ita don kansa ko ya mutu."

Kawun ya yi gyaran murya ya ce ko za a samu wani mai rufin asiri, a ɗaura na 'yan kwanaki bayan ta haihu. A nan ne Malam ya fusata.

"Auren kisan wuta? A zaurena? Ku saɓa wa Allah don ku gyara abin da harshe ya ɓata? 'Yata ba riga ba ce da za a ba wani aro. Uwaisu, na faɗa maka igiya ɗaya ta rage. Ashe ni ma rabin maganata ka ji. Ku tashi."

Uwaisu ya zaga wajen malamai har birni, yana neman wanda zai faɗa masa abin da yake so. Duk wanda ya ji labarin yadda yake, amsa ɗaya yake ba shi.

Da damina ta faɗi Tahira ta haifi ɗa namiji a gidan mahaifinta. Uwaisu ya kawo rago, aka raɗa wa yaro suna Abdulrashid. A zaure aka miƙo masa shi, ya riƙe na ɗan lokaci, aka karɓe aka mayar ciki. Da aka yaye yaron, wani malamin makaranta daga Bacirawa ya nemi auren Tahira, ta amince, ta tare a gidansa tare da ɗanta.

Yanzu idan Uwaisu yana son ganin Abdulrashid, sai ya hau babur ya tafi Bacirawa. Ya yi sallama a ƙofar gidan wani, ya tsaya a rana, har sai maigidan ya ba da izini a fito masa da ɗansa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai fushi ba maganar mutane yake ji ba, abin da ke cikin ransa yake ji. Idan wani ya fara yi maka magana, musamman wanda kuke zaune a inuwa ɗaya, ka bari ya kai aya kafin ka yanke hukunci. Mace takan zagaya saboda kunya, kuma hakki ne a kan miji ya yi haƙuri har ta iso. Kalmar saki ba sanda ba ce da za a ɗauka duk sanda rai ya ɓaci. Tuwon da ya ƙone ana sake tuƙa wani kafin rana ta faɗi, amma akwai maganar da idan ta fita daga baki, nadamar shekaru ba ta mai da ita.