Yadda Kwaɗon Gidan Maƙera Ya Fasa Bajimin Ƙarfe

To, ku kifa wayoyin nan a kan cinya, ku ara mini kunnuwanku. Ga wata nan tafe gare ku. Ba ta zamanin kakanni ba ce, ta jiya-jiyan nan ce, kuma in na kai ƙarshenta ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari, a unguwar Maƙera, an yi wasu 'yan uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu Ashiru, shi ya gaji maƙerar mahaifinsu, bai taɓa kwana uku a wajen garin ba. Autarsu Balaraba, malamar lissafi ce a firamare. Na tsakiyarsu kuwa Zayyanu, shekara bakwai ya yi a Ikko yana tallan caja da iyafis a tsakanin motoci in hanya ta cushe. Ya dawo gida da jaka ɗaya da waya ɗaya mai kyau, da ƙafar da ba ta iya zama wuri guda. In ya zauna a kan benci sai ka ga gwiwarsa tana rawa, kamar motar da aka bari a kunne.

A lokacin nan samarin garin sun haukace da wani wasan waya da suke kira Fagen Dodanni. Kowa yakan reni dodonsa tun yana ƙarami. In ya girma, sai a ba ka maki ɗari ka raba masa a gida huɗu: ƙarfi, gudu, kaurin fata, da yawan jini. Ka zaɓa masa dabarun faɗa, ka rataya masa laya ɗaya. In an shiga fage, kai da abokin karawarka kowa yana danna dabararsa a ɓoye, sannan dodon da ya fi gudu shi ke fara bugu. Wayar Zayyanu kaɗai ke iya ɗaukar wasan a gidansu, don haka su ukun suka buɗe asusu ɗaya, suka sa masa suna Gidan Maƙera, wayar tana yawo daga hannu zuwa hannu.

Sai aka sanar da gasa. Wanda ya ci zai sami kujera ɗaya a tawagar jiha da za ta tafi babbar gasa a Abuja. Kujera ɗaya tak. Zayyanu da ya ji haka, sai ya ji kamar an buɗe masa taga a ɗakin da ya cika da hayaƙi.

Amma akwai Mudassir, wanda ake kira Injiniya, shekara biyu ba a kai shi ƙasa ba. Dodonsa bajimin sa ne na ƙarfe. Duk tunkuyin da ya yi, jikinsa yana ƙara zafi, ƙarfinsa yana hawa: daga baƙi ya koma ja, daga ja ya koma ruwan goro, sannan rawaya, a tunkuyi na huɗu ya zama fari fat. In ya yi fari, tunkuyi na biyar ba ya barin komai a tsaye. Ranar da Zayyanu ya fara gwada shi da wata damisa mai gudun tsiya, ko minti biyu ba a yi ba aka share ta. Injiniya ya miƙe a gaban jama'a, ya ce, "Ɗan Ikko, wannan ba cajar jabu ba ce da za ka cusa wa mutum ta taga. Ka koma gida ka ja wa yayanka zuga-zugi, abin da kuka gada ke nan." Aka yi ta dariya.

Zayyanu ya zo maƙera yana huci, yana kai da kawowa, yana maimaita maganar. Ashiru yana ƙera ruwan fartanya da ƙarfen sifirin mota. Hankalinsa ya tafi ga surutun ƙaninsa, ya bar ƙarfen a wuta har ya wuce ja ya yi fari. Ya ciro shi da awartaki ya tsoma a kaskon ruwa, sai aka ji ƙas. Ruwan fartanya ya tsage gida biyu. Ashiru ya daɗe yana kallon ɓarnar da rabonsa da yin irinta tun yana yaro. Can ya ce, "Zayyanu, sanda ake watsa wa bajimin nan ruwa a wasan, wane launi yake?"

"Baƙi, ko ja. Kowa ya gwada ruwa, Yaya. Tururi kawai yake yi, ya ma ƙara tauri."

"To ai haka ƙarfe yake. Ka tsoma shi yana ja, ka ba shi tauri. Ka tsoma shi yana fari, ka kashe shi."

Ashiru ya karɓi wayar da hannunsa mai baƙin gawayi, ya bi jerin dodanni ɗaya bayan ɗaya, har ya iske wani kwaɗon taɓo da ba wanda yake ko kallo, mummuna, mai nauyin jiki. Kwaɗon yana da wata dabara ta watsa ruwa da ake kira Tsoma, sau ɗaya ake yin ta a faɗa, kuma an rubuta da ƙananan haruffa cewa illarta tana bin zafin wanda aka yi wa. Samarin garin duk sun karanta rubutun nan sun wuce, don ba su taɓa tsayawa gaban wuta ba. Ashiru ya ɗauki ɗan kwaɗon ya rene shi kwana arba'in, tsakanin wannan dukan masaba da wancan. Sau biyu Zayyanu yana so ya musanya shi da wani abu mai haƙora, Ashiru ya ce, "In ka taɓa kwaɗon nan, ni da kai ne." Wannan aikin Ashiru ke nan.

Amma sanin inda sa zai fashe daban, rayuwa har a kai wurin daban. Sai kwaɗon ya sha tunkuyi huɗu yana numfashi. Nan Balaraba ta shigo. Shagon da ake wasan ba wurin da mata suke shiga ba ne. Ta yafa mayafinta, ta ɗauki littafin aikin ɗalibai, ta ratsa samari ta zauna a gaban babban allon da ake nuna faɗan. Wani ya ce, "Malama, ajin 'yan firamare yana can gaba." Ta ce, "Na sani, ai na ga waɗanda suka faɗi jarrabawa ne a nan, na biyo su." Mako uku tana zuwa bayan an tashi daga makaranta, tana rubuta yawan jinin da kowane tunkuyi yake ɗiba a jikin kowane dodo. Magana ta kai gida, gwaggonsu ta zo ta yi faɗa. Washegari Balaraba ta koma.

Ranar rabon maki, Zayyanu ya ce a ba kwaɗon ko ashirin ne na gudu, kada ya zama abin dariya. Balaraba ta ce ko ɗaya.

"Auta, a garin nan akwai wanda ya taɓa barin gidan gudu ba komai?"

"Shi ya sa a garin nan ba wanda ya taɓa cin sa. Yaya Zayyanu, ka duba. Duk mai gudu ruwansa yana sauka kafin tunkuyi, sa bai gama zafi ba. Mu so muke ya riga mu. Ya yi tunkuyi na huɗu, ya yi fari, sannan ruwanmu ya sauka a kansa a wannan karon, kafin ya sami na biyar. Nauyin jikin nan da kake jin kunyarsa, shi ne makaminmu."

Ta zuba sittin da biyu a kaurin fata, talatin da takwas a jini, ba ta bar wa ƙarfi ko gudu komai ba. Ta cire layar ƙaho da kowa yake ratayawa don ƙarin bugu, ta sa ta ƙwarya, mai mayar da ɗan jini a kowane karo. Ta ba shi Birgima, wato ya kwanta a taɓo ya farfaɗo. Ta ce lissafinta ya nuna bayan tunkuyi na huɗu jinin da zai rage bai fi kaurin zare ba, kuma da ta matsar da maki biyu daga inda ta sa su, ko zaren ba zai rage ba. Ta rubuta wa yayanta Zayyanu a takarda: Birgima, Birgima, Birgima, Tsoma. Wannan aikin Balaraba ke nan.

Ranar gasa, bayan la'asar, shagon ya cika har bakin titi. Zayyanu ne ya riƙe wayar, don shi ya fi su sabo da taro. Kwaɗon ya ja jiki ya tsallake zagayen farko da na biyu da haƙuri kawai, abokan karawa suna gajiya da dukansa. Aka zo na ƙarshe, ga Injiniya a kujerar da ke fuskantarsa. Da allo ya nuna kwaɗo a gaban bajimi, har masu leƙe ta taga sai da suka dara.

Karo na farko, sa ya tunkuya, ya yi ja. Kwaɗo ya yi birgima. Injiniya ya ce, "Wanka ya zo yi?" Karo na biyu, ruwan goro, kwaɗo ya sake birgima. "Maƙeri, ko hannunka ya ƙone ne? Ga maɓallin duka can." Gwiwar Zayyanu tana rawa har benci yana motsi. Mutumin da bai taɓa barin zagi ya kwana ba, yau ga shi ana dukansa a gaban gari yana kwanciya a taɓo. Yatsarsa ta je kan Tsoma ta dawo. Karo na uku, sa ya yi rawaya, jinin kwaɗo ya sauka ƙasa da rabi.

Saura karo na huɗu, wanda takarda ta ce Tsoma. Zayyanu ya ɗaga kai ya dubi Injiniya, sai ya ga bakinsa ya mutu. Ya daina tsokana, ya jingina baya, ya janyo wayar kusa da ƙirji, idonsa ya kauce gefe. Shekara bakwai Zayyanu yana karanta fuskoki ta tagar mota cikin daƙiƙa biyu. Ya san fuskar mai saye, ya san fuskar mai tayi don ɓata lokaci, ya kuma san fuskar wanda zai ɗage gilashi. Wannan ta mai ɗage gilashi ce. Bajimin yana da wata dabara, Garkuwa, mai tare duk abin da aka jefo a karo ɗaya, amma ba a yin ta sau biyu a jere. Shekara biyu Injiniya bai taɓa buƙatarta ba, shi ya sa ba ta cikin littafin Balaraba. In Tsoma ta faɗa a kan Garkuwa, shi ke nan, ba ta biyu.

Balaraba tana bayansa tana cewa a hankali, "Yanzu, Yaya, yanzu." Ashiru ya dafa kafaɗarsa. Zayyanu ya dunƙule takardar a tafin hannunsa, ya danna Birgima.

Allo ya nuna sa ya ɗaga garkuwa, ya tare iska. Kwaɗo ya yi kwanciyarsa a taɓo.  Zayyanu ya ce, "Injiniya, ka rufe taga ba a miƙo maka komai ba. To buɗe." Injiniya ba shi da wata hanya. Karo na biyar Zayyanu ya danna Tsoma, sa ya yi tunkuyinsa na huɗu, jinin kwaɗo ya zube har ya rage ɗan zaren nan, sa ya yi fari fat, yana haska allon. Sannan kwaɗo, a kan lokacinsa na mai nauyin jiki, ya buɗe baki ya juye masa ruwa. Aka ji ƙas. Bajimin ƙarfe ya tsage tun daga ƙaho har wutsiya. Ashiru ya duƙa ya ce wa Injiniya, "In kana son a gyara maka shi, maƙerarmu tana buɗe da safe." Wannan aikin Zayyanu ke nan.

Ana cikin murna sai alƙalin gasar, Malam Rufa'i, ya zo da takarda da biro. Ya ce Gidan Maƙera ba sunan mutum ba ne. Suna ɗaya ake so da hoto ɗaya, kuma daga yau kwaɗon zai koma hannun mai sunan, ba wanda zai ƙara taɓa shi sai shi. Zayyanu ya miƙa hannu zai karɓi biro, sai ya ga hannu biyu sun miƙo tare da nasa.

Ashiru ya ce, "Ba girma nake nema a ba ni ba. Da ban san ƙarfe ba, da har yau kuna kiwon damisa. Kai ka ga duniya shekara bakwai, ni ina gaban wuta."

Balaraba ta ce, "Yaya, ka san inda zai fashe, amma da kwaɗonka ya mutu tun tunkuyi na uku. Zagin da na sha a shagon nan ba wanda ya sha shi. Kada wanda ya ce mini mace ce, ta haƙura."

Zayyanu ya buɗe tafinsa, ya nuna musu takardar da ta jiƙe da gumi. Ya ce, "Da na bi wannan, da yanzu muna hanyar gida ana yi mana waƙa. Na dawo garin nan da jaka ɗaya, kowa ya yi mini dariya. Ba zan tsaya a tasha ina ɗaga wa wani hannu ba."

Malam Rufa'i ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce kafin a kira magariba zai rufe takarda, da suna ko ba suna.

To, jama'a, ga biro a hannunku. Wanda ya gano inda ƙarfe yake fashewa, da wadda ta gina jikin da ya jure har aka kai wurin, da wanda ya karanta fuska ya saɓa wa takarda: sunan wa za ku rubuta?