Mai Sana'ar Fatu da Tafkin Gishiri

A wani gari an yi wani maigida wanda ya ƙare ƙarfinsa a sana'ar fatu. Yakan sayi ɗanyar fata a mahauta, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya barbaɗe ta da gishiri, ya naɗe. Da wannan ya ci ya sha, ya kuma sa 'ya'yansa a makaranta. Saboda haka in dai zancen gishiri ne, ba ya jin maganar kowa. Ga shi kuma da tattalin kaya har abin ya wuce misali. Rediyonsa kullum a lulluɓe da ƙyalle yake, babur ɗinsa kuwa ya fi daɗewa a jingine fiye da a kan hanya, wai don kada su tsufa.

Matarsa ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa, gama ruwa yana ɗauke wa ƙafa nauyin jiki. Sai babbar 'yarsu Tabita, wadda take aiki a birni, ta sa aka gina musu ɗan tafki na siminti a bayan gida, ruwansa iya ƙirji, da matakala da ƙarfen riƙewa. Tafkin ruwan gishiri ne, amma gishirin bai fi na hawaye ba. A gefensa akwai ɗan inji mai aiki da hasken rana. Shi ne yake jan ruwan ya tace, ya bi da shi ta cikin wata 'yar na'ura inda wutar lantarki take taɓa gishirin, ta fid da maganin da yake tsabtace ruwa, sa'an nan ya mai da shi cikin tafki. Tabita ta zaunar da mahaifinta ta yi masa wannan bayani daki-daki. Ya yi ta gyaɗa kai, amma a duk abin da ta faɗa, kalmar gishiri kaɗai ya riƙe.

Ranin farko matar ta ji daɗin ƙafarta ƙwarai. Da damina ta sauka, aka rufe tafkin da tamfol saboda laka da ganyen da ruwa yake kwasowa, gwiwar kuwa ta soma ƙagewa kamar dā. Sa'ad da ruwa ya ɗauke, idin godiya na kaka ya gabato. A ikilisiyarsu, ranar nan zumuntar mata sukan ɗaura zane iri ɗaya, su ɗauko damman dawa da kwandunan gyaɗa a ka, su tako da waƙa tun daga ƙofa har gaban bagade. Tun tana amarya matar nan take cikin wannan sahu, ba ta kuwa da burin da ya wuce ta sake shigarsa da ƙafarta.

Maigida ya ce mata, “Maman Tabita, kwantar da hankalinki. Ni da kaina zan buɗe miki ruwan nan.”

Ya kuwa yi aiki, ba a raina masa ba. Ya yaye tamfol, ya kwashe ganye da raga, ya goge bango da burushi, ya cika ruwa. Ya zuba gishiri yana ɗanɗanawa da yatsa har ya ji ya yi daidai. Sa'an nan ya kunna inji, ruwa ya washe tas har ana ganin ƙasan tafkin. Matarsa ta soma shiga kowace safiya, tana riƙe da ƙarfe, tana 'yar waƙarta a hankali.

To, akwai bishiyar mangwaro kusa da injin, a nan ne maigida yake shimfiɗa tabarmarsa da rana. Gurnanin injin ya hana shi barci. Ya kwanta yana kallonsa, ya ce a ransa, “Wannan abu kullum yana ta juyi, ai kafin baɗi ya mutu. Ni da na adana fatun shanu da gishiri tsura, yaushe gishiri ya soma neman mataimaki?” Sai ya tashi ya kashe shi, ya ɗauko tsohon buhu ya lulluɓe shi, ya koma ya yi barcinsa mai daɗi.

Washegari ruwan yana nan garau. Jibi ma haka. Wannan ne ya ƙara cutarsa, gama da ruwan ya ɓaci nan take, da ya gane. Kullum da safe yakan tsoma yatsa ya lasa, ya ji gishiri, ya yi murmushi ya ce, “Yana nan.”

Bayan 'yan kwanaki ruwan ya yi dishi-dishi. Daga nan sai bango ya soma kore. Matarsa ta ce, “Maigida, anya ruwan nan lafiya? Kuma na daina jin ƙarar injin.”

Ya ce, “Inji yana hutawa. Gishiri ne ya yi kaɗan.”

Ya ɗauko buhun gishiri ya juye. Koren ya ƙaru. Ya sake juye wani, yana jin haushin ruwan kamar da gangan yake yi masa. Ruwa ya yi zartsi har ba ya lasuwa, amma gansakuka ta rufe bango da ƙasa, sauro ya sami gida, wari kuma ya soma tashi.

Matar ta haƙura ta zauna, tana ganin idin yana matsowa, gwiwarta kuwa tana ƙara tauri. Wata safiya ta kasa daurewa. Ta ce ko yaya ruwan yake, za ta shiga. Tana ɗora ƙafa a kan matakala, santsin gansakuka ya kwashe ta, gwiwarta ta bugi gefen siminti. Maigida ya ruga ya tare ta. Ya ɗauke ta ya kai ta ɗaki.

Tabita ta zo da ta ji labari. Ta duba mahaifiyarta, sa'an nan ta zagaya bayan gida ta yaye buhun da yake kan injin. Mahaifinta yana tsaye, ya ce da ƙaramar murya, “Ban rage gishiri ba, Tabita. Ƙarawa ma na yi.”

Ta ce, “Na gani, Baba. Ai fata kwanciya take yi gishiri ya yi mata aiki. Ruwan nan kuwa sai ya yi ta zagayawa yana bi ta wurin wuta. In bai bi ta can ba, gishirin yana ciki amma ba ya tsinana kome.”

Gyaran ya fi ɓarnar daɗewa. Sai da aka zubar da rabin ruwan saboda gishirin ya yi yawa, aka kankare bango, aka sa magani mai ƙarfi, aka bar injin yana aiki ba tsayawa. Kafin ruwa ya washe, idin ya zo. Ranar, matar ta ɗaura zanen zumunta kamar sauran, amma a kan kujera aka ajiye ta kusa da ƙofa. Mata suka wuce ta da damman dawa a ka, tana tafa musu tana amsa waƙa, hawaye yana bin kumatunta. Maigida yana zaune a sashen maza, ya sunkuyar da kai, baƙin ciki ya cika masa zuciya, gama ya san hannun da ya kashe injin.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tafkin shi ne ranka da raina. Gishirin kuwa shi ne bangaskiyar da muka karɓa, da Maganar Allah da aka zuba a cikinmu, waɗansunmu tun muna yara a kan bencin nan. Gishirin maigida bai yi ƙarya ba, na ainihi ne, kuma bai gudu ba. Abin da ya tsaya shi ne zagayawar ruwa. Haka nan rai yake bukata ya riƙa komawa gaban Ubangiji kowace rana, cikin addu'a da tuba da zumunta da 'yan'uwa, domin Ruhu Mai Tsarki ya taɓa abin da muka sani ya mai da shi abin da yake tsarkake mu.

Ba wanda yakan tashi ya ce, yau na bar Allah. Gajiya ce kawai, ko son barcin rana, ko kuwa addu'ar ta soma tono mana abin da ba mu so mu ji. Sai mu kashe, mu lulluɓe. Mako ya wuce ba abin da ya faru, mu lasa mu ji har yanzu mun san ayoyinmu, mu ce yana nan. In kuma zuciya ta soma kore da fushi da hassada, sai mu ƙara buhu. Mu sayi sabon littafin waƙa, mu shiga wani kwamiti, mu ƙara tsawon baki a kan zunubin maƙwabci. Mutum ya yi zartsi har ba mai iya zama kusa da shi, amma ciki bai tsarkaka ba.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, maigida ba ya shiga tafkin. Ko sau ɗaya bai jiƙa ƙafarsa a ciki ba. Wadda ta zame ita ce wadda ta dogara gare shi. Kai da kake cewa tsakaninka ne da Allahnka, ka tuna akwai masu shiga ruwan ranka kowace safiya, matarka, ko mijinki, ko 'ya'yan da suke koyon addu'a daga bakinka. Ubangiji mai jinƙai ne, yakan wanke ko da ruwan ya yi wari, amma ba ya komo da idin da ya riga ya wuce. Kada ka jira sai wani naka ya faɗi. In ka koma gida yau, ka durƙusa ka yi addu'a.