Kofi Ɗaya da Ya Cinye Lasisin Nicanor

Akwai wani direba a unguwarmu a birnin El Alto mai suna Nicanor Apaza. Shekara ashirin da uku yana jan bas ɗin haya, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ba shi da gida nasa, ba shi da mota tasa. Lasisinsa ne gonarsa, da shi yake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Yana da amini, Fermín Ticona, mai shagon taya, mutum mai baki da son a sani. Nicanor ne ya riƙe 'yar Fermín ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre. A wurinmu kuwa, idan kompadre ya roƙe ka abu ka ƙi, ka sha kunya har a gidanka.

Da Fermín ya sayi sabuwar bas fara sol, sai ya ce ranar Asabar za a kai ta coci a garin Copacabana a sa mata albarka, kuma Nicanor ne zai zama uban mota, wato mai tsaya mata a bikin.

A hanya Nicanor ya dubi gilashin gaba ya ce, "Kompadre, ban ga takardar inshora ba."

Fermín ya tuntsire da dariya. "Inshora ta matsorata ce! Fadan coci zai yayyafa mata ruwa, kai ka zuba mata giya. Wane kamfani ne ya fi wannan?"

Matarsa Basilia ta ce daga baya, "Wato kuɗin da na ba ka na inshora, furanni da giya ka saya?"

"Ke, rufe mana baki. Yau ranar farin ciki ce."

An yi wa motar ado da furanni kamar amarya. Fada ya yi addu'a, aka zuba giya a tayoyi huɗu. Bisa al'ada uban mota ne ke fara sha, don haka Nicanor ya karɓi kofi ɗaya ya shanye. Shi bai ma ɗauki wannan a shan giya ba, al'ada ya cika. Fermín kuwa ya sha har yana rungumar fitilar mota yana kiranta 'yata.

Da za a koma, rana na nan da saura, Nicanor ya miƙa hannu. "Kawo makulli, kompadre. Ni zan kai mu gida."

Fermín ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku ji min ɗan haya! Shekara ashirin da uku yana jan motar wasu, yau ya ga sabuwa yawunsa ya tsinke. Koma baya ka zauna, mai hannun aro!"

Aka yi dariya. Nicanor ya koma baya ya zauna.

Ba su yi tafiyar awa ɗaya ba suka iso wata kwana. Fermín ya shige ta da gudu, motar ta sauka daga titi, ta kwashi wata tsohuwa mai sayar da cuku a bakin hanya, ana kiranta Eulogia. Ƙafafunta biyu suka karye.

Nan take giya ta saki Fermín. Ya zube ƙasa ya kama ƙafar Nicanor.

"Kompadre, ka rufa min asiri! Don darajar yarinyar da ka riƙe a coci. Kai ba ka sha ba. Ka ce kai ke tuƙi, tsautsayi kawai za a rubuta. Duk abin da ya biyo baya a wuyana yake, na rantse!"

Nicanor ya dubi Basilia tana kuka, ya dubi mutumin da ya gama ci masa mutunci yana birgima a ƙasa. Tausayi ya kama shi. Ya shiga ya zauna a kujerar direba.

Da 'yan sanda suka zo, suka miƙa masa na'urar gwajin giya ya hura. Ta nuna.

"Yallaɓai, kofi ɗaya ne tak, na albarkar mota."

Ɗan sandan ya ce, "Baba, na'urar nan ba ta zuwa coci. Kawo lasisi. Ina takardar inshora?"

Babu. Wato babu kamfanin da zai ɗauki ɗawainiyar Eulogia a asibiti, sai direba da mai mota.

Ranar da aka shiga kotu, Fermín ya zo da lauya da sabon kwat. Ya miƙe, ko gezau, ya ce, "Ni amana na ba shi motata, ban san ya sha ba. Kuɗin inshorar ma shi na ba ya je ya biya. Ashe cinyewa ya yi."

Nicanor ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya yi ihu cewa ba shi ke tuƙi ba. Alƙali ya ɗaga takardar da ya sa wa hannu a gaban 'yan sanda ya ce, "Wannan hannun wa?" Basilia ta sunkuyar da kai.

Aka soke lasisin Nicanor gaba ɗaya, tunda direban haya ne. Aka ɗora masa rabin kuɗin asibiti. Sunansa ya shiga jerin direbobin da kamfanonin inshora ba sa yarda su riƙe sitiyarin motar da suka tsaya wa. Ƙungiyar direbobi ta cire shi. Ita kuwa Eulogia, har yau da sanduna biyu take tafiya.

Fermín ya biya tara, ya yi inshorar da ya raina, bayan wata biyu motarsa ta hau titi. Lasisinsa tsaf, ko ɗigo babu. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Bayan wata shida, da yunwa ta shiga gidan Nicanor sosai, ya danne zuciyarsa ya je tasha ya sami Fermín.

"A'a, kompadre! Ka rame fa. Aiki kake nema?" Fermín ya kalli sauran direbobi yana murmushi. "Sitiyari dai ka san ba zan ba mashayi ba, kamfanin inshorata ba zai yarda ba. Amma ina neman kwandasta. In kana da murya, ga ƙofa nan."

Nicanor ya dubi ƙofar motar. Ya tuna 'ya'yansa sun kwana biyu a kan dafaffen dankali ba miya. Ya kama ƙofar.

Da idona na gan shi makon jiya. Dattijo mai shekara hamsin da biyu, rataye a ƙofar farar bas, yana kiran fasinja. Fermín na kan sitiyari yana daka masa tsawa ya ɗaga murya.

Darasi: Kada ka taɓa sitiyari in ka sha giya, ko kofi ɗaya ne, ko da sunan al'ada. Kada ka hau titi da mota ba inshora. Kuma kada tausayi ya sa ka ɗauki laifin wani a kanka, don wanda ya iya roƙonka ka yi masa ƙarya zai iya yi maka ƙarya a gaban alƙali. Ku tura wa duk direban da kuka sani.