Kwanon Gyara a Cikin Kwamfuta

Akwai wata mata a Zangon Sokodé, a ƙasar Togo, ana kiranta Salamata mai wake. A shekara guda ta rasa mijinta Bukari, ta kuma rasa 'yarta Azara daga kan kujerar da ke gefenta a kasuwa. Abin da ta samu a madadinsu hoto ɗaya ne a cikin waya: wani koren rubutu a fuskar kwamfuta, wanda ko karanta shi ba ta iya ba.

Salamata ba ta yi lekol ba, wato makarantar boko. Sunanta kawai take rubutawa, shi ma sai ta natsu. Amma a ciniki babu wanda bai san ta ba. Idan ta ce "albarka", ko liman ne sai ya ƙara ko ya wuce.

Tun da Bukari ya rasu komai ya daina yi mata ɗanɗano. Ta gama takaba, ta koma kasuwa, tana awo tana ɗaurewa. Ba ta kuka. Mutane suna yaba ƙarfin zuciyarta. Ita dai ta san ba ta jin komai ne.

Kafin ya kwanta ciwo, Bukari ya sa sunan Azara a wata cibiyar koyon rubuta manhajar kwamfuta a garin Dapaong. Salamata ba ta so ba, amma ba ta iya musu da mamaci. Azara ta tafi.

Wata rana da hantsi waya ta yi ƙara. Azara ce.

"Mma, ina ga zan dawo gida."

"An gama karatun ne?"

"A'a. Akwai aikin gwaji da aka ba mu. Na'ura ce ke dubawa. In ka yi daidai ta nuna kore, in ka yi kuskure ta nuna ja. Ni kullum ja. Wanda bai samu kore ba zuwa Juma'a, za a ba wani gurbinsa."

Salamata ta kalli kujerar da babu kowa a kai. Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinta, mai kama da daɗi, ba ta tsaya duba shi ba. Abin da ya fito bakinta daban ne.

"'Yar Bukari za a kora? Ki jira ni."

Ta ɗaure wake mai kyau da goro, ta shiga mota. Aka wuce Kara, aka wuce Mango, har aka isa Dapaong.

Malamin cibiyar, Malam Fousséni, ya tarbe ta da ruwan sanyi. Ta ajiye masa ƙunshin a gabansa.

"Malam, ni 'yar kasuwa ce, ba na kewaye. Me za a yi jan nan ya zama kore?"

"Hajiya, ba ni ke ba da sakamako ba. Na'ura ce."

"To kira mini mai na'urar."

"Ba ta da wanda za a kira."

"Babu abin da ba shi da mai shi. To a rage mata jan, a ba ta rabi."

Malam ya yi murmushi. "Ba ta san rabi ba, Hajiya. Ni kuma ba ni da izinin nuna wa ɗaliba amsa. Amma akwai dabarar da muke yi. Azara, zauna ki karanta wa Mma aikinki layi-layi da Hausa, kamar kina yi wa wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba bayani."

"Wato ni ce jahilar da aka samu," in ji Salamata. Amma ta zauna.

Aikin ba shi da tsawo. An ce a rubuta abin da zai lissafa: buhu yana da kwano kaza, kowane mai saye zai ɗauki kaza, mutum nawa za su samu.

"A nan na karɓi yawan kwanon da ke buhu," Azara ta fara, muryarta duk ta gaji. "A nan na cire ɗaya. A nan na raba. Shi ke nan fa, Mma. Na lissafa da kaina, ni da kwamfutar amsa ɗaya muke samu. Amma in na tura, ja."

Salamata ta ji kuskuren tun karon farko.

Wannan ɗayan da aka cire, nata ne. Tun Azara ba ta kai tsayin buhu ba take koya mata: buhu mai kwano arba'in, talatin da tara ne, domin kwano guda gyara ke cinye shi, ɗan hannun nan da ake ƙara wa mai saye bayan awo. Har ranƙwashi ta sha yi mata a kan haka. Abin ya shiga jinin yarinyar, har ba ta ganinsa. A tambayar Malam kuwa babu inda aka ambaci gyara.



Ta auna abin yadda take auna kowane ciniki. Idan ta ja bakinta, ba ta yi ƙarya ba, ba ta cuci kowa da hannunta ba. Juma'a za ta zo ta wuce. Azara za ta koma kujerarta, gida zai sake samun motsin mutum biyu. Idan kuma ta yi magana, a gaban malamin nan za ta yarda cewa dokarta ce ta kayar da 'yarta, sannan ta hau mota ita kaɗai.

Azara ta sunkuyar da kai tana murza goshi da babban yatsa. Haka Bukari yake yi idan abu ya fi ƙarfinsa.

"Sake karanta layi na biyu," in ji Salamata.

"Na cire ɗaya."

"Wa ya ce ki cire?"

"Haba Mma, ai haka ake yi. Na gyara ne."

"A gaban buhuna haka ake yi. Wannan abin da ko rabi bai sani ba, kin taɓa ganin ya yi wa wani gyara?"

Azara ta tsaya cak. Ta kalli uwarta, ta kalli rubutun. Ta goge ɗayan nan, ta tura. Ba a jima ba fuskar kwamfutar ta nuna kore.

Azara ta rungume ta tana dariya tana kuka. Salamata ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Ɗauki hoton abin ki sa mini a waya." Ta juya wajen Malam. "Waken ka riƙe. Ba na komawa da kayan da na sauke."

Da ta koma Sokodé, maƙwabciyarta a kasuwa, Husseina mai gishiri, ta leƙo.

"Uwar ciniki! An ce har Dapaong kika je taya na'ura. Ina Azarar? Nawa aka tsaya?"

Salamata ta cika kwano, ta juye wa mai saye, ta ƙara masa hannu guda kamar kullum. Sannan ta nuna kujerar da ke gefenta.

"Ga farashin nan. Kujerar nan za ta zauna babu kowa. Haka aka taya, ban ce albarka ba. Na sallama."

Darasi: Sau da yawa abin da ke hana ɗanka wucewa, kai ka dasa masa shi da kyakkyawar niyya, a wurin da yake da amfani. In ka gane haka, ka sauke girman kai ka faɗa masa, ko da faɗar za ta nisanta shi da kai. Ku tura wa iyaye da masu koyon sana'a, wataƙila akwai wanda kwano ɗaya ne ya tsare shi.