Turken Ƙarshe a Bargar Sarki

An yi wani sarki a Birnin Marke, sunansa Hamidu, wanda Allah ya hore wa dawaki, ya kuma jarrabe shi da son a yaba masa su. Ba azzalumi ba ne, kada mu ɗora masa abin da bai aikata ba. Illa dai mutum ne da ya saba shiga bargarsa ta ƙofar gaba, ya shafa wuyan doki na farko da na biyu, ya juya yana murmushi. Yana da waziri mai suna Ɗahiru, malami mai zurfin nazari, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, domin ya ƙware wajen zaɓo gaskiyar da ba ta ɓata wa kowa rai, ya bar sauran a cikinsa.

A birnin nan akwai wani tsohon baduku, Tankari, wanda ya shekara arba'in yana ɗinka wa dawakan mutane kayan ado, shi kuwa bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo, Lantana, tana aure a hayin kogi, tafiyar kwana uku, kuma rabonsa da ita shekara shida, saboda gwiwoyinsa sun daina ɗaukarsa. Da kewa ta ishe shi, sai ya sayar da gonarsa ya sayi wani jan doki mai farin goshi. Jaki ma da ya kai shi, amma wa zai iya gaya wa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙawata hawan wasu cewa ya sauka ƙofar surukansa a bayan jaki?

Sai da ya ja dokin ya iso gida sannan ya ga abin da bai yi tunani ba. Ƙofar zaurensa ko jaki mai kaya sai an karkata, tsakar gidan ba wurin kafa turke, harawa kuwa da kaka masu doki ke tara ta a kan soro, shi ko dami ɗaya bai ajiye ba. Ga ruwan farko ya sauka, kogi ya fara kawowa, ba damar ƙetarewa sai bayan damina. Dokin ya kwana uku a lungu yana tare wa mutane hanya, har maƙwabta suka kai ƙara fada.

Sarki ya ji labari ya yi dariya, sa'an nan tausayi ya kama shi. Aka gaya masa akwai wani manomi a bayan ganuwa, Nomau, da ya ce zai riƙe dokin tare da goɗiyarsa. Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ga mas'ala, Waziri. Wannan dattijo dokinsa na farko ke nan, kuma ga alama shi ne na ƙarshe. Ga rumfar manomi, ga kuma bargata a buɗe. Je ka duba su, ka zo ka faɗa mana inda ya fi cancanta ya ba da amanarsa."

Waziri Ɗahiru ya fara da gidan Nomau. Ya tarar da rumfar kara wadda iska mai ƙarfi za ta iya ɗagawa, amma ƙasanta busasshe ne, an zuba sabon yashi, goɗiyar kuma gashinta na sheƙi. Daga nan ya nufi bargar sarki. Shamaki, wato shugaban barga, ya tarye shi yana nuna masa dawakan bakin ƙofa, amma Waziri ya wuce su, ya bi jerin turke arba'in har bango. A can ya gane yadda al'amarin yake. Ana shigo da ciyawa da gero ta ƙofar gaba, ana rabawa gwargwadon girman mai doki, kafin a kai ƙarshe kwando ya zama wayam. A turken ƙarshe akwai tsohon dokin marigayi mahaifin sarki, yana tsaye cikin taɓo, haƙarƙarinsa a waje, ya gwaigwaye itacen turkensa har rabi.

Waziri ya daɗe yana kallon itacen nan, ya san amsar mas'alar sarai. Amma da ya dawo fada ya ga fuskar sarki cike da jiran yabo, ga fadawa sun zuba masa ido, sai harshensa ya bi hanyar da ya saba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rumfar manomi ta kara ce, bargarka ta ƙasa, shi goɗiya ɗaya gare shi, kai kuwa babu sarkin da ya tara irin dawakanka." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma wallahi da ya yi ƙarya da ya fi masa sauƙin tuba. Sarki ya ji daɗi, Tankari ya faɗi yana godiya har da hawaye, aka kai jan doki barga. A makon nan tsohon dokin mahaifin sarki ya mutu, aka kafa sabon turke a gurbinsa, aka ɗaure na baduku, tun da dai babu wanda ya kai shi ƙanƙantar matsayi.

Da farko Tankari yana zuwa kullum da 'yar dusarsa a ƙwarya. Da damina ta yi nisa, sanyi ya shiga gwiwoyinsa, sai ya kwanta, ya koma ɗinka wa dokin kaya daga kan tabarma. Waziri kuwa ya riƙa cewa gobe zai yi wa Shamaki magana, har goben ta zama wata huɗu. Duk ranar da hanya ta biyo da shi ta bayan barga, sai ya kau da kai ya ƙara sauri.

Ruwa ya ɗauke, kogi ya janye. Wata safiya Waziri yana fitowa ya ga Tankari yana dogara sanda, sirdi a kansa, ya sa rigarsa ta salla. Kunya ta sa ya bi shi har barga. Da suka isa turken ƙarshe, tsohon ya wuce dokinsa bai gane shi ba, sai da dabbar ta yi wata 'yar haniniya a shaƙe. Ya ɗora sirdi a hankali, ya zagayo da majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, wadda ya auna da hannunsa ranar da ya saye shi. Majayin ya zagaye cikin ya yi rarar taƙi biyu. Dokin ya durƙushe ƙarƙashin sirdin da babu kowa a kai.

Tankari ya zauna cikin taɓon da rigar sallarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi laifi. Na sayi doki ban sayi inda zai tsaya ba."

Aka kai magana gaban sarki. Shamaki ya rantse cewa da cutarsa dokin ya zo, kuma an ba shi abinci ya ƙi ci. Sarki ya ce, "Waziri, ga mas'ala ta biyu. Dabba ba ta magana, shaida kuma babu. Cuta ce ko sakaci?"

A wannan karon ma akwai gaskiya mai laushi a kusa, domin dokin haƙiƙa yanzu ba shi da lafiya. Waziri ya dubi rigar tsohon da taɓo ya ɓata. Ya sa aka tumɓuko turken aka ajiye a tsakiyar fada, ga shi duk sawun haƙori.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, dokin da cuta ta hana ci ba ya taɓa gero, balle itace. Wanda ya ci wannan turke yunwa ce ta sa shi. A bargarka ana raba abinci ne bisa girman mai doki, ba bisa cikin doki ba, kuma haka dokin mahaifinka ya mutu a wannan gurbin. Shamaki tsari ya tarar ya bi. Amma akwai wanda ya ga irin wannan turke wata huɗu da suka wuce, aka tambaye shi a wannan zaure, ya tsaya yana yabon bango. Ni ne. In akwai hukunci, a fara da ni."

Sarki ya tashi da kansa ya shiga barga, ya bi jerin har bango, abin da bai taɓa yi ba tun hawansa. Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Ya ce wa Tankari, "Baba, mun ci amanarka. Shiga ka zaɓi dokin da ka ga dama daga bakin ƙofa, naka ne."

Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Zaki, na gode. Amma a ina zan ɗaure shi?"

Babu wanda ya yi dariya. Sarki ya ba da umarni a faɗaɗa ƙofar zauren baduku, a kafa masa turke a kan yashi, a tara masa harawar shekara a kan soro, sa'an nan a kai doki. Ya kuma yi doka cewa daga ranar rabon abinci a barga daga turken ƙarshe za a fara. Sai ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce, "Wannan ladan amsa ta biyu ce. Ta farko kuwa tsakaninka da Allah." Waziri ya karɓa, kuma bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba.

Jan dokin an kai shi rumfar Nomau, inda ya kamata a kai shi tun farko, ya kwana tara ya mutu. Tankari ya ƙetare kogi a kan dokin sarki, cikin kayan da ya ɗinka wa jan dokinsa. An ce Lantana ta fito ta gan shi a kan sirdi, ta riƙe likkafa tana kuka. Ya kwana goma sha ɗaya a gidanta, Allah ya karɓi ransa a can. Sabon turken gidansa ba a taɓa ɗaura masa komai ba, harawar kuma ta zauna a soro har damina ta ruɓar da ita.

Waziri Ɗahiru ya roƙi turken da jan dokin ya gwaigwaye, ya jingine shi a zaurensa inda yake zaman shari'a. Ya rayu shekara goma sha bakwai bayan haka, kuma duk sabon alƙalin da aka naɗa sai ya kira shi ya nuna masa sawun haƙoran nan, ya ce: "In kana son sanin adalcin gida, kada ka tsaya inda ake fara rabo, ka taka har inda kwando ke ƙarewa. In kuma ka gani, ka faɗa a ranar, tun wanda ke ɗaure a wurin yana iya tsayuwa."