Ranar da Bushiya Ta Rubuta A'a

An yi wata Bushiya a shekarar da waya ta shigo daji. Kada ku tambaye ni inda dabbobi suke caji, ni ma da na tambaya harara aka yi mini.

Bushiya tana da rami a kan tudu, da 'ya'ya ƙanana da ko ido ba su buɗe ba. Damuwarta ɗaya ce, tsoron kada wani ya yi fushi da ita. Da wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Duk abin da aka turo mata, amsarta ita ce, "To, ba komai," ta haɗa da fuskar murmushi har biyu, kada a ce ɗaya ta yi kaɗan. In aka jinkirta mayar mata da amsa, ranar nan abinci ba ya shiga.

Maƙwabciyarta Gafiya ta gano haka. Ita kuwa Gafiya, ko tsakuwa ta gani a hannun wani sai ranta ya biya.

"Ƙanwata, ara mini turminki."

"To, ba komai, Yaya."

Turmi ya tafi, bai dawo ba.

Da hadari ya fara haɗuwa, sai Gafiya ta yi rubutu a zauren dabbobin unguwa na cikin waya, inda kowa ke gani: "Ƙanwata, gyaɗata ba ta son danshi. Gobe ki kwashe yaranki ki koma ramina na kwari, ni in zuba kaya a naki. Na san ke ba kya musu."

Ramin kwari kuwa, ruwan farko ne ke cika shi har baki.

Kafin Bushiya ta ankara, yatsunta sun rubuta "To, ba ko". Ta dubi 'ya'yanta, ta goge. Ta rubuta doguwar ban haƙuri, ita ma ta goge. Sai ta rubuta "A'a," ta tura, ta kife wayar.

Kwaɗo, shugaban zauren, ya yi caraf ya rubuta: "Bushiya, an sace miki waya ne?"

Gafiya ta turo saƙon murya tana huci: "Ni kika ce wa a'a? A gaban jama'a? Ko murmushi babu?"

"Babu," in ji Bushiya.

Da safe sai ga Gafiya da buhun gyaɗa a ka.

"Ke! Fito! Tun yaushe kike ce mini to, yau za ki canza baki?"

Bushiya ta fito. "Tsoro ne yake ce miki to, Yaya. Yau ni kika tarar a gida."

"Zan daina gaishe ki!"

"Ki daina. Amma ki fara dawo da turmina."

Gafiya ta fusata, ta zaburo za ta kutsa da ƙarfi. Bushiya ta dunƙule a bakin rami, ƙayoyinta a miƙe. Hancin Gafiya ya sauka a kansu daram.

"Wayyo hancina!"

Buhu ya faɗi ya yage, gyaɗa ta gangara gindin tudu inda zabbi ke kiwo. Su kam ba su tura wa kowa saƙon neman izini ba.

Da azahar ruwa ya kece. Gafiya ta ƙare a kan kututture, ba gyaɗa, ba rami, ga hanci kamar gauta. 'Ya'yan Bushiya kuwa barcinsu suke sha a bushe.

Gafiya ta cika alkawari, har kaka ba ta gaishe ta ba. Bushiya ta duba jikinta tsaf, ko ƙaya ɗaya ba ta ragu ba.

Darasin wannan labari shi ne, yara, duk wanda ke amsa "to" don tsoron fushin mutane, wata rana gidansa za a nema. Ku tura "a'a" ko hannunku yana rawa. Fushin mai kwaɗayi ba ya jiƙa kowa, ruwan kwari ne ke jiƙawa.